Aikin jijiya ko cirewa: yadda za ka zaɓa idan ruɓa ta kai cikin haƙori

Akwai ciwon haƙorin da ruwan sanyi ke tayarwa, ya yi tsam na ɗan lokaci ya wuce. Akwai kuma wanda yake tashi da kansa, musamman da dare idan an kwanta, ya riƙa zuga har cikin kunne da gefen kai, shayi mai zafi ya ƙara tunzura shi, a sha Panadol a banza. Wannan na biyun ne yake kai mutum gaban likitan haƙori, a ɗauki hoton X-ray na haƙorin, a ce masa ruɓar ta kai jijiya. Daga nan sai a ba shi zaɓi: ko a yi masa aikin jijiya a bar masa haƙorinsa, ko a cire. Ga mutum bai runtsa ba, ga kuɗin aikin biyu sun yi wa juna nisa, sai ka ji ya ce, "Likita, a cire shi kawai in huta." Wani lokaci hakan ne daidai. Amma sau da yawa zafi ne yake yanke hukuncin, ba mai haƙorin ba, kuma haƙorin babba in ya fita ya fita ke nan.

Kafin a auna komai, ya kamata a san abin da ke faruwa a ciki. Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan ruwan ɗorawa da bai kai shi tauri ba. A tsakiya kuma akwai ɗan kogo mai ɗauke da nama mai laushi da jijiyoyin jini da na jin zafi, yana gangarawa ta wasu siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa cikin ƙashin muƙamuƙi. Wannan naman ne ake kira jijiyar haƙori. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye ɓawon sannu a hankali, har rami ya isa tsakiya. Ba ruɓa kaɗai ke kai wa ga haka ba. Faɗuwa daga babur, ko buguwa a filin ƙwallo, ko tsagewar haƙori wajen tauna ƙashi, duk suna iya kashe jijiya, wani lokaci sai bayan shekaru a ga haƙorin ya fara duhu.

Jijiyar da ta kumbura ba ta da wurin buɗawa, domin bango mai tauri ya kewaye ta, shi ya sa zafin yake da tsanani haka. Idan aka bar ta sai ta mutu, zafin ya ɗauke, mai shi ya yi hamdala ya ce ya warke. Alhali a lokacin ne ƙwayoyin cutar suka samu wurin zama, suna gangarawa ta saiwa su tara mugunya a cikin ƙashi. Ɗan ƙurjin nan da yake fitowa a dasashi, ya fashe ya koma, ya sake fitowa, ƙofar wannan mugunyar ce.

Idan ramin bai kai jijiya ba, ciko ya wadatar, kuma babu wani dogon tunani. Wannan rubutu na wanda ya wuce nan ne.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma shi ne gaba da komai: me ya rage na haƙorin? Idan bangonsa na nan tsaye, saiwarsa lafiya, ƙashin da ke riƙe da shi bai zaizaye ba, to akwai abin ceto. Idan ya ruɓe har ƙasan dasashi, ko ya tsage daga sama har saiwa, ko yana girgiɗi sosai saboda ciwon dasashi, to ko kana da kuɗin duniya aikin jijiya ba zai riƙe shi ba. Wannan ba a gane shi da ido ko da harshe. Sai da hoto. Duk wanda zai yanke maka hukunci a kan jijiyar haƙori bai ɗauki hoto ba, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Na biyu, wane haƙori ne? Na gaba fuskarka ne, da shi kake magana da murmushi. Fiƙa tana da saiwa mafi tsawo a baki, ita ke riƙe kusurwar leɓe. Turmi na farko, wanda ke fitowa tun yaro yana wajen shekara 6, shi ke ɗaukar mafi nauyin tauna. Amma na can ƙurya, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, galibi rashinsa ba ya rage wa mutum komai.

Na uku kuɗi, amma kuɗin hanya gaba ɗaya, ba na zuwan farko ba. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren lissafi, domin suna kwatanta kuɗin cirewa da kuɗin aikin jijiya. Abin da ya kamata a kwatanta shi ne aikin jijiya haɗe da hula, wato murfin da ake lulluɓe haƙorin da shi bayan aikin, a gefe guda, da cirewa haɗe da abin da za a cike giɓin da shi a ɗaya gefen.

Sai lokaci da zirga-zirga, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan kasuwar da sai ya rufe shago a Kwari ko Sabon Gari, ko wanda zai taso daga Bichi ko Wudil. Sai ƙarko. Sai kuma lafiyar jikinka: ciwon sukari, hawan jini, sikila, ciwon zuciya, juna biyu, ko shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya sauya shawarar likita, saboda haka ka faɗa masa tun kafin ya tambaya.

Magani kaɗai, ba tare da an taɓa haƙorin ba

Na sa wannan a jerin ne saboda shi ne abin da akasarinmu muke fara yi, ba don ya cancanci a kira shi zaɓi ba. A je kemis a karɓo amoxicillin da Flagyl da ibuprofen, kumburi ya saɓe cikin 'yan kwanaki, a manta, bayan wata biyu a koma. Dalilin dawowar ciwon a fili yake. Maganin da ka haɗiya a cikin jini yake tafiya, jijiyar da ta mutu kuwa jini ya daina shiga cikinta. Maganin yana iya lafar da abin da ya bazu a naman da ke kewaye, amma ba ya isa cikin kogon da cutar take. Kowane zagaye kuma yana koya wa ƙwayoyin cutar jure maganin, ga ibuprofen da diclofenac suna cin cikin mai gyambon ciki, suna wahalar da ƙoda idan aka daɗe ana sha.

Kanumfari yana rage zafi da gaske, akwai wani mai a cikinsa da likitocin haƙori ma suke amfani da shi a wasu kayan ciko. Ruwan ɗumi da gishiri yana tsabtace baki. Amma babu ɗayansu da ke fitar da mataccen nama daga cikin saiwa. Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ko ɗiga ruwan batir ko fetur a ramin, domin ƙone nama suke yi su bar gyambo a kan ciwo. Masu turara baki su nuna maka tsutsa a cikin ruwa kuma, babu wata tsutsa da ke zaune a cikin haƙori.

Kuɗin shan magani kaɗai kaɗan ne a kowane zuwa, amma ba ya ƙarewa. Haɗarinsa kuwa ya fi na duk sauran. Mugunyar turmin ƙasa tana iya bazuwa ƙarƙashin harshe da wuya ta toshe hanyar numfashi, ta haƙoran sama kuma tana iya hawa wajen ido. Mutane suna mutuwa ta wannan hanyar. Idan kumburi ya kai ido ko ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko akwai zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ko numfashi ya yi wuya, wannan ba lokacin auna zaɓi ba ne. A tafi sashen gaggawa na babban asibiti nan take, ko tsakar dare ne, ko ana tsakiyar azumi. Ba a jiran Sallah da irin wannan kumburin.

Aikin jijiya

Yadda ake yi shi ne: a yi allurar kashe zafi, a keɓe haƙorin daga yawu da wani ɗan shimfiɗin roba, a huda ta samansa, a shiga da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura a kwashe jijiyar da ta lalace daga kowace hanya, a wanke da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, a busar, sannan a toshe hanyoyin har ƙarshen saiwa da wani irin ƙaro da ake kira gata-faca, wanda asalinsa daga wasu itatuwa na yankin Malesiya ake samo shi. Sai a rufe saman da ciko. Haƙorin ya daina jin sanyi da zafi, amma yana nan daram a cikin ƙashinsa, yana tauna.

Wahalar aikin da kuɗinsa suna bin yawan hanyoyin da ke cikin saiwa. Haƙorin gaba galibi hanya 1 gare shi, miƙaƙƙiya. Turmi yana da 3, sau da yawa ma 4, wasu a lanƙwashe, wasu sirara ƙwarai. Shi ya sa kuɗin aikin turmi ya fi na haƙorin gaba, kuma shi ya sa ya fi buƙatar hannun da ya saba. Akan gama cikin zuwa 1 zuwa 3. Idan akwai mugunya, likita yakan sa magani a ciki ya rufe da ciko na wucin gadi, ya ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu.

Maganar da ake yaɗawa cewa aikin jijiya azaba ne, yawanci ciwon da ya kawo mutum ne ake ɗora wa aikin. Da allura mai kyau, abin da za ka ji bai wuce na ciko ba, sai dai gajiyar buɗe baki. Bayan an gama haƙorin yakan yi tsami na 'yan kwanaki idan an tauna da shi.

Ƙarko fa? Idan an yi shi da kyau kuma an rufe shi da kyau, kusan 9 cikin 10 suna warkewa, su yi shekaru masu yawa, wasu har ƙarshen rayuwa. Amma a lura da sharaɗin nan na biyu, domin a nan ne aikin mutane da yawa yake lalacewa. Turmin da aka huda aka rarake cikinsa ya yi rauni, kuma da ma ruɓa ta riga ta ci wani sashe nasa. Yana buƙatar hula, wato murfin da ake ƙerawa daidai da shi a lulluɓe shi gaba ɗaya. Turmin da aka yi wa aikin jijiya ba a sa masa hula ba kamar ɗakin ƙasa ne da aka tayar ba a rufe ba, ga damina ta kawo kai. Wata rana za a ciji tsakuwa a cikin shinkafa, ko a gutsiri goro ko aya, ya rabe biyu har saiwa, a cire shi bayan an riga an kashe kuɗin. Hular akwai ta ƙarfe zalla, wadda ta fi araha kuma tana da ƙarfi, ta dace da can baya inda ba a gani. Akwai ƙarfen da aka lulluɓe da farin tangaran, akwai kuma ta zirkoniya, fara mai ƙarfi, wadda ta fi tsada. Haƙorin gaba da bai rasa jiki da yawa ba wani lokaci farin ciko ya ishe shi. Haƙorin Makka da alhazai suke sakawa kuwa ado ne, ba magani ba, kuma idan aka ɗora shi a kan haƙori mai rami ɓoye ruɓar kawai zai yi.

Kuskure na biyu ya fi wannan yawa: a yi zuwan farko, a kwashe jijiya, zafi ya ɗauke, mutum ya ɓace. Cikon wucin gadi na makonni ne, ba na shekara ba. Yana zubewa yawu ya koma ciki, cutar ta dawo fiye da da. Idan ka san har ga Allah ba za ka iya kai aikin nan ƙarshe ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sauran haɗarinsa: likita ya tsallake wata ɓoyayyiyar hanya bai gani ba, ko siririn ƙarfen ya karye a ciki, ko a huda saiwar ta gefe. Ba kasafai suke faruwa ba a hannun wanda ya ƙware. Idan ciwo ya dawo bayan shekaru ma, sau da yawa ana iya buɗewa a sake aikin kafin a kai ga cirewa.

Kuɗinsa ya ninka na cirewa sau da yawa, ga na hula daban. Kusan duk kayan aikin daga waje ake shigo da su, saboda haka farashin yana bin dala, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga 2023 abin ya ƙara nauyi. Kada ka tambaya, "Nawa ne aikin jijiya?" Ka ce, "Likita, daga yau har a sa hula, da hotuna da komai, nawa zan kashe, kuma zuwa nawa ne?" Ka kuma tambaya ko za a karɓa kashi-kashi, tunda aikin ma kashi-kashi ake yin sa.

Cirewa a bar giɓi

Shi ne mafi araha, mafi sauri, zuwa ɗaya. Cutar tana tafiya tare da haƙorin. Ba zan raina shi ba, domin ya ceci rayuka da yawa, kuma ga haƙorin da ya riga ya gama lalacewa babu abin da ya fi shi.

Abin kiyayewa a kwanakin farko shi ne gudan jinin da ya daskare a gurbin, shi ne murfin raunin. A danne audugar da aka sa kamar minti 30, kada a kurkure baki da ƙarfi ko a yi ta tofar da yawu a ranar farko, kada a zuƙi abin sha da tsinke, kada a sha taba ko shisha. Daga washegari a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Idan gudan jinin ya fita, ƙashi ya bayyana, bayan kwana 2 zuwa 4 sai wani sabon zafi ya taso da wari. A koma wajen likita, yana da maganinsa.

Asarar cirewa ba a ganin ta sai daga baya. Ƙashin da ke riƙe da saiwa yana fara shanyewa, mafi yawa a watanni 6 na farko. Haƙoran da ke gefe suna karkatowa cikin giɓin, na samansa ko ƙasansa yana zazzagowa tunda ba shi da abokin haɗuwa, abinci ya riƙa maƙalewa a sababbin wurare, ruɓa ta sake samun ƙofa. Mutum ya koma tauna da gefe guda. Rasa turmi ɗaya ba ya hana cin tuwo. Amma wanda ya mai da cirewa al'ada, duk wanda ya yi ciwo a fitar, yakan kai shekara 50 kilishi da tsire sun gagare shi.

Inda za a cire ma abin dubawa ne. Masu cire haƙori a bakin kasuwa ba su da hoto, ba su da na'urar dafa kayan aiki. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ya taɓa jini yana iya ɗauko maka ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki, kuma idan saiwa ta karye a ciki ba su da yadda za su yi.

Cirewa a cike giɓin

Hanya uku ce. Haƙorin roba na cirewa da mayarwa shi ne mafi sauƙin kuɗi, ana yin sa cikin 'yan kwanaki ko makonni, ba ya buƙatar tiyata, kuma yana rufe giɓin gaba da kyau. Sai dai ƙarfin taunarsa bai kai na gaske ba, yana motsi, sai an cire shi da dare an wanke, kuma bayan 'yan shekaru yakan yi sako-sako saboda ƙashin da ke ƙarƙashi yana ci gaba da shanyewa, sai an gyara ko an sake wani. A kiyayi masu manna haƙorin roba da wani ƙullu a jikin haƙoran gefe yadda ba ya fita. Datti yana taruwa a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, a rasa lafiyayyun haƙoran ma.

Gada ita ce a fiƙe haƙoran da ke gefe biyu na giɓin, a sa musu hula, a haɗa da haƙori na tsakiya a manne. Ba ta motsi, tana tauna da kyau, takan yi shekara 10 ko fiye ga mai tsabtar baki. Aibinta shi ne an taɓa haƙora biyu saboda ɗaya, kuma kuɗin hula uku za ka biya. Ka ga ke nan wanda ya guji kuɗin aikin jijiya da hula guda, idan ya zo yin gada yakan biya abin da ya kai haka ko ya fi. Ta fi dacewa idan haƙoran gefen da ma suna da manyan ciko, suna buƙatar hula.

Dashe shi ne a kafa wata ƙusa ta ƙarfen titaniyam a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira ƙashin ya kama ta, galibi wata 3 zuwa 6, sannan a ɗora haƙori a kai. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Branemark ne ya fara yi wa mutum irin wannan a 1965, saboda haka ba sabon abu ba ne. Ba ya taɓa haƙoran gefe, yana taimakawa wajen riƙe ƙashi, kuma fiye da 9 cikin 10 suna wuce shekara 10. Amma shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba, tiyata ce, yana son isasshen ƙashi da lafiyayyen dasashi. Mai shan taba da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba sun fi fuskantar ya ƙi kamawa, kuma ba a yi wa yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba. Ra'ayina shi ne dashe maye gurbin haƙorin da aka rasa ne, ba dalilin fitar da wanda za a iya cetowa ba. Idan aka gaggauta ce maka a yi dashe alhali haƙorinka yana tsaye, ka kai hoton wajen wani likitan ka ji ta bakinsa.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Kuɗin da ke biyo baya | Lokaci | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Magani kaɗai | Kaɗan | Ba ya ƙarewa | Babu zuwa asibiti | Babu, ciwon yana dawowa | Bazuwar mugunya |
| Aikin jijiya da hula | Mai yawa | Kaɗan | Zuwa 1 zuwa 3, da na hula | Shekaru masu yawa | Tsagewa ko dawowar ciwo idan ba a kammala ba |
| Cirewa a bar giɓi | Mafi araha | Sai in an zo cikewa | Zuwa 1 | Giɓin na dindindin ne | Karkacewar haƙora, shanyewar ƙashi |
| Cirewa da haƙorin roba | Matsakaici | Gyara ko sauyi | Kwanaki ko makonni | 'Yan shekaru | Motsi, ciwon dasashi |
| Cirewa da gada | Mai yawa | Sauyi bayan shekaru | Makonni | Shekara 10 ko fiye | Ruɓar haƙoran da ke riƙe da ita |
| Cirewa da dashe | Mafi tsada | Kulawa | Wata 3 zuwa 6 ko fiye | Shekaru masu yawa | Ƙin kamawa, ciwon ƙashin kewaye |

Inda za a je a Kano

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya yana da sashen haƙori, kuma a can ne ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Bayero suke koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararru. Asibitin Murtala ma yana da sashen haƙori. Asibitocin gwamnati sun fi sauƙin kuɗi, kuma nan ya kamata a nufa da babban kumburi ko mai wata cuta a jiki, sai dai a shirya wa layi da jiran rana. Asibitocin kuɗi sun fi sauri, an fi samun lokacin da ya dace da kai, farashinsu kuma ya bambanta ƙwarai, saboda haka tambayar wuri biyu ba laifi ba ne. Ko ina ka je, ka tabbata wanda zai shiga jijiyar haƙorinka likitan haƙori ne mai rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori a Najeriya. Mai ƙera haƙorin roba da mai wankin haƙori suna da nasu aikin mai daraja, amma wannan ba nasu ba ne. Idan kana cikin inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha, KSCHMA, ka tambayi abin da ta ɗauka tun kafin a fara, domin irin waɗannan tsare-tsare sun fi ɗaukar ƙananan ayyuka, hula da gada da dashe galibi daga aljihunka ne.

Wa ya dace da me

Matashi ko magidancin da haƙorin gaba ko fiƙa ko turmin farko ya kama shi, hoto ya nuna saiwa da ƙashi lafiya: a yi aikin jijiya, ko da sai an yi adashe an haɗa kuɗin. Shekarun taunar da ke gabansa sun fi kuɗin yawa, kuma babu abin da aka ƙera da ya kai haƙorin da Allah ya halitta masa.

Wanda haƙorinsa ya tsage har saiwa, ko ya ruɓe ƙasan dasashi, ko yana girgiɗi: a cire, kada a zubar da kuɗi. Haka wanda na can ƙurya ne yake damun sa, a cire a bar wurin. Idan giɓin a gaba yake, haƙorin roba zai rufa asiri yanzu, gada ko dashe su zo idan hali ya samu. Mai niyyar dashe ya faɗa tun ranar cirewa, kafin ƙashin ya shanye.

Dattijon da ya riga ya rasa haƙora da yawa, lissafinsa daban ne. Idan aka ce, "Baba, wannan ɗayan ne zai riƙe maka na roba," to ceto shi ya fi kuɗinsa. In kuwa sauran duk sun raunana, cirewa da yin na roba gaba ɗaya ya fi masa sauƙi.

Ke kuma mai juna biyu, kada a ce miki ki daure sai kin haihu. Mugunya a jiki da shan magani barkatai sun fi aikin likita haɗari gare ki da abin da ke cikinki. Ana yin allurar kashe zafi ga mai ciki, ana aikin jijiya, ana cirewa. Wata na 4 zuwa na 6 ya fi sauƙin zama a kujera, amma ciwo mai tsanani ba ya jiran wata. Ki faɗa wa likita watan cikin, kuma ki guji ibuprofen sai da izininsa.

Mai ciwon sukari ya daidaita sukarinsa ya zo da sakamakon gwaji, domin rauninsa yana jinkirin warkewa. Mai sikila da mai shan maganin tsinka jini su nufi babban asibiti, kuma kada mai shan maganin ya daina sha da kansa. Ga irin waɗannan, sau da yawa aikin jijiya ya fi cirewa sauƙi, tunda ba ya barin buɗaɗɗen rauni.

Iyaye su lura da turmin nan na shekara 6. Yana fitowa a bayan haƙoran nono ba tare da wani ya fita ba, sai a ɗauka shi ma na nono ne da zai famfare, a bar shi ya ruɓe. Na dindindin ne. Idan ya yi rami a kai yaron da wuri, likita ya duba ko za a cece shi, ko kuma a cire a shekarun da na bayansa zai iya matsowa ya cike wurin.

Sai wanda haƙorinsa yana cetuwa amma yau aljihu babu. Kada ka koma kemis. Ka gaya wa likita gaskiyar halinka, ka tambaye shi ko zai buɗe haƙorin ya kwashe jijiyar ya sa magani da cikon wucin gadi, mako nawa za ka iya jira kafin zuwa na gaba, da kuma ko ciko mai ƙarfi zai riƙe ka 'yan watanni kafin hula, kana tauna da ɗaya gefen. Idan ka lissafa ka ga kuɗin ba za su haɗu cikin wannan wa'adin ba, a cire shi a asibiti da kayan aiki masu tsabta, ka fara tara na cike giɓin.